Mashayar Piyano A Jiragen Ruwa Na Shaƙatawa: Ko Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu?

Da misalin ƙarfe tara na dare, bayan fasinjoji sun tashi daga cin abinci a cikin manyan jiragen ruwa na shaƙatawa da ke tashi daga birnin Miami na ƙasar Amurka zuwa tsibiran Karebiyan, akwai wani ɗan zaure da kan fara cika sannu a hankali. A tsakiyarsa an girke piyano, wato abin kiɗan nan na Turawa mai maɓallai 88 farare da baƙaƙe, an kuma kewaye shi da dogayen kujeru. Mutum ɗaya ne ke zaune a gabansa. Shi ke kiɗa, shi ke waƙa, shi ne kuma ke jan jama'a da barkwanci. Duk mai son a yi masa wata waƙa sai ya rubuta sunanta a 'yar takarda, ya naɗe dala ɗaya ko biyar a ciki, ya miƙa. Jama'a na amshi, masu hidima na zagayawa da kofuna, haka za a yi ta yi har tsakar dare ta gota. Ba a karɓar ko sisin kwabo a bakin ƙofa.

Wannan shi ne abin da ake kira mashayar piyano, kuma da wuya a sami wani babban kamfanin jiragen shaƙatawa da ba shi da irin tasa. Kamfanin Carnival ya raɗa wa tasa suna Piano Bar 88 a jiragensa da dama, Royal Caribbean na da Schooner Bar, shi kuwa Princess na da Crooners. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya tambaya shi ne ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu. A cikin jirgin da aka kashe wa ɗaruruwan miliyoyin daloli, kowane taku na daɓe yana da lissafinsa. Saboda haka zauren da babu kuɗin shiga, wanda kuma mai kiɗansa ba ya fitowa sai dare, dole ne ya faɗi dalilin zamansa.

Kafin a kai ga amsa, sai an fahimci yadda wannan sana'a take samun kuɗinta, domin ta sha bamban da sufurin ruwa da iyaye suka sani. Dattawan da suka yi karatu a Ingila a wajajen lokacin samun 'yancin kai na iya tuna jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya riƙa jigila tsakanin Apapa da Ingila daga 1951 zuwa 1974. A wancan zamani abin da fasinja ke saye shi ne a kai shi inda za shi. Kiɗa dai akwai shi, amma ƙawa ce kawai ta rage wa matafiyi tsawon hanya, kuma tun a lokacin masu jirage suna kallonsa a matsayin kashe kuɗi da ya kamata a rage. Makaɗa takwas da ke cikin jirgin Titanic, wanda ya nutse a 1912, ba ma'aikatan kamfanin jirgin ba ne. Wani kamfanin dillancin makaɗa ne na 'yan'uwa biyu masu suna Black a birnin Liverpool ya ɗauke su, aka kuma rubuta su a jerin fasinjoji masu daraja ta biyu. Babu ko ɗayansu da ya tsira.

Jirgin sama ne ya karya lagon wancan ciniki. A watan Oktoba na 1958 kamfanin Pan Am ya fara ratsa Tekun Atlantika da jirgin Boeing 707, tafiyar kwana biyar ta koma ta sa'o'i kaɗan. Kafin shekara goma ta cika manyan jiragen ruwa sun rasa fasinjoji, har ta kai aka ajiye shahararren Queen Mary a 1967. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda suka sake wa sana'ar fasali. A 1972 wani ɗan kasuwa mai suna Ted Arison ya kafa Carnival da tsohon jirgi guda ɗaya, Mardi Gras, wanda a fitarsa ta farko ma ya kafe a kan yashi a bakin Miami. Bayan shekara biyu Arison ya mallaki kamfanin baki ɗaya a kan dala ɗaya tak, tare da ɗaukar bashin da ke kansa na kimanin dala miliyan biyar. Da yake jirgin ba shi da sauri, ba shi kuma da ƙawar da zai yi gasa da ita, sai aka mayar da shi kansa abin zuwa gani: tikiti mai rahusa, ga kiɗa ko'ina, ga mashaya, ga gidan caca. Tsarin da ya ceci tsohon jirgin nan shi ne a yau masana'antar take tafiya a kai, masana'antar da ƙungiyar kamfanonin jiragen shaƙatawa ta duniya, CLIA, ta ce ta ɗauki fasinjoji miliyan 34 da dubu 600 a 2024.

Dalilin rahusar tikiti a fili yake ga duk wanda ya taɓa riƙe otel. Da jirgi ya cika da bai cika ba, man da zai sha ɗaya ne, albashin ma'aikata ɗaya ne, kuɗin ruwan bashin da aka ƙera shi da shi ma ɗaya ne. Ɗakin kwanan da jirgi ya tashi da shi babu kowa kuwa ya zama asarar da ba ta dawowa, kamar tumatirin da ya kwana a kasuwa. Don haka gara a karya farashi a cika jirgi. Kamfanonin suna lissafin cikar jirgi ne a kan mutum biyu a kowane ɗaki, shi ya sa a rahotanninsu akan ga cikar ta haura kashi 100 cikin ɗari idan iyalai suka shigo da yara. Da zarar an ɗaga anga, mutum dubu huɗu ko biyar sun zama masu ciniki a kasuwar da mai ita ɗaya ne, babu kuma shagon maƙwabci da za su je su taya.

Masanin tattalin arziki Walter Oi ya yi nazarin irin wannan matsala a 1971, inda ya ɗauki filin wasan Disneyland a matsayin misali: shin mai wuri ya tsauwala kuɗin ƙofa ya sassauta na ciki, ko kuwa ya sassauta ƙofa ya kama mutane a ciki? Manyan kamfanonin jiragen shaƙatawa masu neman talakan Amurka da Turai sun zaɓi na biyu. Alkaluman Carnival Corporation, wato uwar kamfanin da ta haɗa Carnival da Princess da Holland America da Cunard da Costa da sauransu, sun nuna haka. A shekarar kuɗinsa ta 2024 kamfanin ya sami dala miliyan dubu 25. Daga ciki, kimanin miliyan dubu 16 da rabi daga tikiti suka fito, sauran miliyan dubu 8 da rabi kuwa daga abin da fasinjoji suka kashe bayan sayen tikiti, kamar abin sha, da caca, da gidajen abinci na musamman, da intanet, da hotuna, da yawon gani da ido a tudu. Kashi ɗaya bisa uku ke nan. In aka raba wannan adadi a kan fasinjoji kimanin miliyan 13 da rabi da kamfanin ya ɗauka a shekarar, kowane kai ya bar fiye da dala 600 bayan kuɗin tikitinsa. Kuma wannan sulusin ya fi tikiti maiƙo, domin a kan tikiti ne ake ɗora la'adar dillalan tafiye-tafiye da abincin da ake ci kyauta.

To, a cikin wannan sulusi ne mashayar piyano take neman gurbinta.

A fara da ɓangaren kashewa, inda hujjarta ta fi ƙarfi. A 1966 masana biyu, William Baumol da William Bowen, sun bayyana wata cuta da ke damun sana'ar kiɗa da wasan kwaikwayo. Masaƙa na iya sayen sabon inji ma'aikaci ɗaya ya yi aikin mutum goma, amma kiɗan da aka tsara wa mutum huɗu, yau ma mutum huɗu yake bukata, kuma tsawon lokacinsa bai ragu ba. Albashi na hawa, abin da makaɗi ke samarwa a sa'a guda na nan yadda yake, saboda haka kiɗan ido da ido kullum ƙara tsada yake yi idan aka kwatanta da sauran kaya. A cikin jirgin ruwa cutar ta fi tsanani, domin kowane ma'aikaci bayan albashinsa sai an ba shi gado, da abinci sau uku, da magani, da tikitin jirgin sama na zuwa da komawa gida. Gadon nan shi ne mafi tsada, tun da wurin da ma'aikaci ya kwana wuri ne da ba a sayar wa fasinja ba.

Idan aka auna da wannan ma'auni, babu wani kiɗan ido da ido da ya kai na piyano arha. Lokacin da Royal Caribbean ya ƙaddamar da Oasis of the Seas a 2009, ya saka wasan Hairspray na dandalin Broadway a babban zaurensa, daga bisani ya canza shi da Cats. Irin wannan wasa na bukatar gomman mawaƙa da 'yan rawa, da masu fitilu, da masu sutura, ga kuɗin izini da ake biyan masu wasan. Mashayar piyano kuwa gado ɗaya take ci. Mutum ɗaya zai riƙe zaure na sa'a uku ko huɗu, kusan kowane dare, na tsawon watannin kwantiraginsa. Har ila yau, wani ɓangare na ladansa daga aljihun fasinjoji yake fitowa kai tsaye, ta hanyar dalolin nan da ake naɗewa a takarda. Wannan tukuici na yi wa kamfani aiki biyu: yana rage masa nauyin albashi, yana kuma zame masa mai sa ido, domin makaɗin da ya yi sanyi tun kafin shugabansa ya ji labari kwanonsa ya gaya masa.

Shi kansa abin kiɗan yana da nasa tarihin wahala a teku. Laima da jijjiga na kwance wa igiyoyin piyano saiti, sai an yi ta kiran gwani yana ɗaure su, ga shi kuma dole a kafe ƙafafunsa a daɓe kada igiyar ruwa ta tura shi kan mutane. Ana ba da labarin cewa injiniyan da ya tsara jirgin United States na 1952, William Francis Gibbs, saboda tsananin tsoron gobara ya hana a sa katako a jirgin, har ya nemi a ƙera masa piyano na alminiyom, sai da kamfanin Steinway ya gamsar da shi cewa katakon nasa ba ya kama wuta da sauƙi. A yau jirage da yawa sun huta da wannan. Abin da fasinja ke gani gangar jikin piyano ce mai sheƙi, amma a cikinta na'ura ce mai aiki da lantarki wadda ba ta san laima ba.

Ɓangaren samu ya fi wuyar lissafi. Abu na farko da ido ke gani shi ne cinikin abin sha. Mutumin da ya shiga mashayar da babu kiɗa yakan sha kofi ɗaya ya tashi, amma wanda ya miƙa takardarsa yana jiran a zo kan waƙarsa ba zai tashi ba, kuma zama da kofi wayam a gaban mai hidima abu ne da mutane ƙalilan ke jurewa. A kan kowane kofi manyan kamfanonin suna ƙara kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari da sunan ladan hidima. Babu tsabar kuɗi a hannu, katin ɗakin kwana ake miƙawa, sai ranar sauka mutum ya ga jimla. Dabara ce irin ta mai shayi da ke ajiye benci da rediyo a gaban teburinsa. Ba ya sayar da labaran duniya, amma ya san wanda ya zauna sauraro zai nemi ƙari.

Sai dai kuma akwai wani sauyi da ya birkita wannan lissafi, wanda masu yabon mashayar piyano ba su cika ambata ba. A shekarun baya-bayan nan kamfanonin sun mayar da hankali ga sayar da abin sha a dunƙule, wato fasinja ya biya wani adadi na kowace rana tun kafin ya shiga jirgi, sannan ya sha abin da ya ga dama. Ga irin wannan fasinja, kowane ƙarin kofi da makaɗi ya jawo ya sha ragi ne daga ribar kamfani. Shi ya sa Carnival ya ƙayyade kofi 15 na barasa a yini ga mai wannan tsari, ya kuma shardanta cewa in baligi ɗaya ya saya, to duk baligan da ke ɗakinsa sai sun saya. Da wannan, amfanin mashayar ya tashi daga akwatin kuɗinta ya koma wani wuri. Abin da ke sa mutum ya yarda ya biya ɗaruruwan daloli makonni kafin tafiya shi ne hoton da ke ransa na darare masu daɗi a wurare daban-daban na jirgin. Mashayar piyano na cikin masu zana wannan hoto, amma kuɗin a wani shafi na littafin akanta za su bayyana. Manajan da ya dubi cinikin daren wannan zaure kaɗai zai yanke hukuncin da ba daidai ba.

Abu na biyu shi ne rarraba jama'a. Babu wani babban zauren wasa da zai ɗauki dukkan fasinjojin jirgi a lokaci guda. In ba a sama wa sauran wurin zuwa ba, ko dai su yi cincirindo a wuri ɗaya su fusata, ko su koma ɗakunansu su kwanta, wanda ya yi barci kuwa ya rufe aljihunsa sai gobe. Ƙananan zaurukan kiɗa su ke riƙe mutane a farke tsakanin abincin dare da sha biyu. Mai lura zai ga cewa a jiragen Royal Caribbean da dama Schooner Bar tana maƙwabtaka da gidan caca ne, ta yadda mai fita daga wannan sai ya ratsa ta wancan. Da yake doka ba ta barin a buɗe gidan caca a yawancin tashoshin da jirgi ke tsayawa sai ya fita teku, sa'o'in dare su ne kakarsa, kuma duk abin da ya hana fasinja kwanciya da wuri ya yi masa aiki.

Na uku, wanda ya fi kowanne wuyar aunawa, shi ne komowar fasinja. Jirgi mai mutum dubu biyar gari ne na baƙi, babu wanda ya san wani. A babban zauren wasa mutum yana zaune cikin duhu ne yana kallo. A mashayar piyano kuwa makaɗi na kiran sunansa, yana tuna waƙar da ya nema jiya, kuma fuskokin da ya gani daren farko su zai sake gani har daren ƙarshe. Akwai fasinjojin da kan bi diddigin wane jirgi wani makaɗi yake kafin su sayi tikiti. Ga masana'antar da ke kashe maƙudan kuɗi wajen talla da la'adar dillalai don samo sabon mai ciniki, wanda ya dawo da ƙafarsa riba ce tsantsa.

Duk da haka, ƙorafin masu suka ba na banza ba ne. Mafi nauyinsa shi ne batun wuri. Abin da masana tattalin arziki ke kira tsadar abin da aka bari, wato ribar da wurin zai kawo da wani abu aka yi da shi, shi ne ainihin kuɗin hayar mashayar piyano. A faɗin da ta mamaye ana iya buɗe gidan abinci na musamman da ke karɓar kuɗi a kan kowane kai, ko a ƙara injinan caca, ko shagon agogo da turare. Kamfanonin na ƙoƙarin rage wannan asara ta hanyar shirya gasar kacici-kacici da ƙananan taruka a zauren da rana, amma wannan toshe ɓaraka ce kawai. Matsin kuwa ya ƙaru tun bayan annobar korona. A watan Fabrairu na 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan, mutum fiye da 700 suka kamu, a watan Maris kuma hukumomin lafiya na Amurka suka hana jiragen shaƙatawa tashi. A cikin shekaru uku, daga 2020 zuwa 2022, Carnival Corporation ya yi asarar fiye da dala miliyan dubu 25, bashin da ke kansa ya haura miliyan dubu 30. Kamfanin da ke ɗauke da irin wannan kaya ba ya yi wa kowane lungu kara. Ɗakunan karatu sun ƙanƙance ko sun ɓace a sababbin jirage da yawa. Holland America, wanda jirginsa Koningsdam na 2016 ya fito da jerin zaurukan kiɗa, ya rufe Lincoln Center Stage bayan annobar, wato zauren da ƙaramar ƙungiyar makaɗa ke yin kiɗan gargajiyar Turai. Abin lura shi ne Billboard Onboard, zauren piyano biyu da ke jeri ɗaya da shi, bai bi shi ba. Wancan yana cin gadaje da yawa, masu sauraronsa kuma shiru suke yi su tashi. Wannan gado biyu yake ci, masu sauraronsa na amshi suna kiran mai hidima.

Rauni na biyu shi ne dukkan jarin a wuyan mutum ɗaya yake rataye. Gidan abinci na iya canza kuku ba tare da mai ci ya lura ba, amma mashayar piyano ita ce makaɗinta. Aikin na bukatar wanda ya haddace ɗaruruwan waƙoƙi, mai muryar da za ta jure dare bayan dare, mai iya karanta zaure, wanda kuma ya san yadda zai lallaɓa wanda ya sha ya yi tatul ba tare da ya ɓata wa sauran rai ba. Gwanin kiɗa da ba shi da baki zai kori jama'a cikin dare biyu, daga nan zauren ya zama kufai har ƙarshen kwantiraginsa. In mura ta kama shi a tsakiyar teku, babu wanda za a kira. Wannan ne ya sa hukuncin fasinjoji kan mashayar piyano yake saɓawa ƙwarai, wani ya ce ita ce daɗin tafiyarsa, wani ya ce ɓata wuri ce, alhali zaure ɗaya suke nufi, makaɗan da suka tarar ne suka bambanta.

Akwai kuma iyakar harshe da shekaru. Amshi ba ya yiwuwa sai jama'a sun san waƙa ɗaya. Amurkawa da 'yan Ingila da 'yan Kanada suna da rumbun waƙoƙin da suka tashi da su tare, irin su Piano Man ta Billy Joel ta 1973, wadda shi ma daga aikin da ya yi a wata mashayar piyano a Los Angeles ya samo ta. Amma a jiragen MSC da Costa da ke yawo a Bahar Rum, inda ake yin sanarwa cikin harsuna biyar ko shida, waƙar da Bajamushe zai amsa ba ita Ba'italiye zai amsa ba, sai piyanon ya koma kiɗan da ake hira a kansa. Wannan rumbun waƙoƙi kuma yana tsufa tare da masu shi, ga shi matasa suna da karaoke, inda fasinja da kansa ke riƙe makirufo, kamfani kuma ba ya biyan mawaƙi ko kwabo.

Idan ana son a san yadda kamfanonin da kansu suka auna duk wannan, sai a dubi inda suka zuba ƙarfe. A watan Janairu na 2024 Royal Caribbean ya ƙaddamar da Icon of the Seas, wanda aka ƙera a Turku ta ƙasar Finland, mai tsawon kimanin mita 365, mai iya ɗaukar fasinjoji har 7,600. Jirgi ne da aka tsara don iyalai da matasa, cike da wuraren wasan ruwa. Amma maimakon a cire Schooner Bar, sai aka bar ta, aka kuma ƙara wani sabon zaure mai suna Dueling Pianos a kan babbar hanyar tsakiyar jirgin, inda ya fi ko'ina tsada. Salon nan na makaɗa biyu suna karawa, jama'a na tura buƙata kowa na son tasa ta rinjaya, ana danganta asalinsa da mashayar Pat O'Brien's ta birnin New Orleans, kuma kamfanin Norwegian ya riga ya shigo da shi teku da sunan Howl at the Moon a jirginsa Epic na 2010. Makaɗa biyu sun ninka kuɗin gado, amma sun rage haɗarin dogaro da murya ɗaya, sun kuma ninka tukuici tun da gasa ta shigo. Kazalika kamfanin Disney, wanda ba ya sa gidan caca a jiragensa ko kaɗan, yana da zauren piyano mai suna Keys a jirgin Magic, ya kuma sake yin wani mai suna Nightingale's a jirgin Wish na 2022. Wannan ya nuna cewa ko babu caca a maƙwabta, lissafin na iya fita.

Hukuncin da alkaluman da ke fili suka fi goyon baya shi ne mashayar piyano na biyan kuɗin sabulunta, amma da sharuɗɗa: fasinjoji su kasance masu harshe ɗaya, tafiyar ta kai mako guda ko fiye don a saba da juna, kamfani kuma kada ya yi rowa wajen ɗaukar makaɗi. A gajerar tafiya ta kwana uku, ko a jirgin da ya tara ƙabilu goma, wurin zai fi riba da wani abin.

Ta fuskar fasinja kuwa, lissafin ya fi sauƙi. Zauren ƙarami ne, wanda bai zo da wuri ba a tsaye zai ƙare. Yana da hayaniya, bai dace da mai neman hira ba, kuma idan dare ya yi nisa barkwancin kan sauka zuwa abin da bai kamata yara su ji ba, shi ya sa wasu jirage ke hana su shiga bayan wani lokaci. Wanda ba ya shan barasa shi ne ya fi kowa cin riba a wannan tsari, domin da lemun kwalba ɗaya zai ji kiɗan sa'a uku wanda masu sha ne suka biya masa. Ga wanda addininsa ko tarbiyyarsa ba su yarda ya zauna a inda ake sha ba kuwa, zauren ba shi da wani amfani, alhali wani ɗan yanki na kuɗin tikitinsa ya tafi wajen gina shi.

Wannan rukuni na ƙarshe ne ƙasar Saudiyya ta hango kasuwa a cikinsa. A watan Disamba na 2024 kamfanin AROYA Cruises, mallakar asusun zuba jari na gwamnatin ƙasar, ya fara tashi daga Jidda zuwa tashoshin Bahar Maliya da wani babban jirgi da a da ake kira World Dream, wanda aka saya bayan durƙushewar kamfanin Genting Hong Kong a 2022. Jirgin ya fara aiki babu barasa, babu gidan caca, wato an cire manyan ginshiƙai biyu na sulusin nan da sauran kamfanoni ke dogaro da shi. A irin wannan jirgi, duk wani zauren kiɗa sai dai gahawa da shayi da ruwan 'ya'yan itace su ɗauki nauyinsa, abin da ya rage kuma a ɗora shi a kan tikiti.